Hawayen Asiya Suwaidiyya

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka wanke Asiya, matar yayana, aka kai ta makwancinta a nan Jidda. Na so in bar ranar ta wuce yadda nake barinta kowace shekara: in yi mata addu'a, in dafa shayi mai na'ana'a irin wanda take so, in sha ni kaɗai. Abin da ya hana ni shi ne wani guntun bidiyo da ke yawo a wayoyin mutane, wanda tun da na gan shi abinci ya daina yi mini daɗi.

Jikarta Hanan ce ta kawo mini shi har gida a unguwar Bani Malik, idonta ya yi jajur. Tana goye aka yi rasuwar, don haka ba ta san kakarta ba sai a bakinmu. A bidiyon ga wata Baturiya matashiya, hoto baƙi da fari, tsaye a bakin teku, iska na kaɗa gashinta, hawaye na gangaro mata. An ɗora wata murya mai rawa a kai, an rubuta da Larabci da Hausa wai wannan 'yar fim ce ta ƙasar Suwidin ranar da ta musulunta, tana kukan nadamar ƙazamar rayuwar da ta yi a baya.

"Ya Sitti," in ji Hanan, haka take kirana, wato kaka, Hausarta na tuntuɓe da Larabci, "sahih haka ta rayu, tana jin kunyar kanta? Maskina. Ni wallahi ban sani ba."

Na karɓi wayar na duba da kyau. Asiya ce, babu ko tantama. Sai dai wannan kukan na san shi tun ina budurwa, kuma babu abin da ya haɗa shi da musulunta. Wani yanki ne na fim ɗin da ta yi shekaru kafin ta san akwai wani mutum a duniya mai suna Bashir, yayan nawa. Saboda Hanan nake wannan rubutu, don ba zan mutu in bar yarinyar nan da kakar ƙarya ba.

Ba zan rubuta sunan da iyayenta suka sa mata ba, masu farautarsa su ci gaba da nema. Asiya ne sunan da ta zaɓa, unguwa kuma ta laƙaba mata Suwaidiyya, wato 'yar Suwidin. 'Yar mai gyaran agogo ce a wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi. Ta fara da share dandalin wasan kwaikwayo na garinsu, daga nan aka ba ta ƙaramar fitowa mai magana ɗaya ko biyu, har wani mai shirya fim ya lura cewa yarinyar nan in an ce ta yi kuka, sai ta yi shi nan take ba tare da an ɗiga mata komai a ido ba. Shi ke nan aka ɗauke ta zuwa babban birni. Ta fito a 'yar manomi, ta fito a mai jinyar marasa lafiya, ta fito a matar masunci, kuma a kowanne sai an kashe mata wani don ta yi abin da ta iya. Sau ɗaya aka ba ta fim na ban dariya, shi ta fi so a duk aikinta, shi ne kuma mutane suka ƙi shiga. Da ta ba shekara talatin baya sai kira ya ja baya, aka koma kan ƙananan yara, ita kuwa ta ƙi zaman jiran waya, ta kama aiki a gidan abincin ma'aikatan jirgin ruwa.

A can yayana Bashir ya same ta. Shi haifaffen Jidda ne, kakanninmu suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna, ya kuma taso yana aiki a ɗakin injin jiragen dakon kaya. Jirginsu ya lalace a tasharsu, suka yi wata da watanni ana gyara. Ya dawo mana da mata fara sol mai tsawo, wadda rana ke mayar da ita ja kamar tumatir. Inna ta yi kwana biyu tana kallonta daga nesa, a na uku ta miƙa mata muciya.

Hausa ta riga Larabci shiga bakinta, domin a gidanmu na unguwar Nuzla ita ake yi. Ranar da ta fara jin an ce za a yi miyar kuka sai ta zaro ido ta tambaya wa zai yi kukan. Da aka yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai da kukan ido ne, da babu wanda zai karɓe mata girkin nan. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yafe wa harshenmu ba, shi ne kiran sana'arta wasa. Muna tsince shinkafa take ba ni labarin tsayuwa cikin ruwan ƙanƙara tun safe har la'asar ana maimaita fitowa ɗaya, da haddar magana shafi-shafi, da fitilun da ke ƙona fatar ido. Takan ce, "Rabi, aiki ne. Wasa shi ne wanda kike yi da ni." Ban taɓa jin ta ambaci aikin nan da sunkuyar da kai ba, ko sau ɗaya.

A wancan zamani babu gidan silima a garin nan, amma akwai masu majigi da ke kafa farin zane a tsakar gida, maza su zauna a ƙasa, mata su leƙo daga saman soro. Wani Sani mai majigi yakan samo faifan fim daga hannun ma'aikatan jiragen da suka tsaya a tasha, duk abin da ya samu shi yake haskawa, ko ana jin harshen ko ba a ji. Wata ranar Alhamis bayan magariba aka haska wani a gidan maƙwabta, muna sama ni da Inna da matan layi, Asiya na gefena da goyon 'yarta. Sai ga fuskarta a jikin zane, ta cika bango. Ga ta an ɗaura mata aure a coci da wani masunci mai gemu, ga shi ya shiga teku bai dawo ba, ga ta a bakin ruwa tana wannan kukan da yau ake rabawa a waya. Matan soron duk suka juyo kanta. Ita kuwa murmushi take yi, tana raɗa mini cewa a ranar mura take fama da ita.

Washegari Hajiya Dije, ƙawar Inna, wadda babu auren da ake ɗaurawa a layin ba da bakinta ba, ta shigo da mata uku a bayanta. Ta zauna ta gyara mayafi ta ce, "Baiwar Allah, ashe kin taɓa aure. To shi wancan da ruwa ya ci, kin yi masa takaba kafin ki auri ɗanmu?"

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ba ta dariya ba ce. Kafin azahar zancen ya kai masallaci, har an fara cewa sai an sake duba auren Bashir. Asiya ta yi bayani da duk Hausar da ta mallaka: mutumin nan yana raye, yana da matarsa, ba ta ma shiri da shi don warin taba yake yi. Hajiya Dije ta ce duk ta ji, amma kukan fa? Ai mutum ba ya irin wannan kuka a kan abin da bai faru ba.

Nan Asiya ta yi abin da ta ga shi kaɗai ya rage mata. Ta miƙa mini yarinyar, ta tsaya a tsakar gida, ta kafa wa gefen rana ido. Ba a jima ba leɓenta ya soma rawa, hawaye suka ɓalle, kafaɗunta na girgiza, har wata daga cikin matan ta fara sharar ido. Sai ta tsaya cak, ta goge fuska da bayan hannu ta ce, "Halas, an gama. Rabi, ɗora mana shayi." Matan suka yi salati. Maganar aure ta mutu a wurin, muka ɗauka an gama.

Bayan wasu shekaru Bashir ya bar tafiya teku ya koma aikin sauke kaya a tasha, don ya zauna kusa da iyalinsa. Wata safiya igiya ta tsinke, kaya suka faɗo masa. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Da aka kawo labarin Asiya ta zube a ƙasa, ta saki wani irin ihu da ban taɓa jin kamarsa ba. Babu kyau a cikinsa ko kaɗan: baki a buɗe, majina da yawu, murya kamar ana zare ta da ƙarfi. Gida ya cika da masu gaisuwa. A cikin wannan hali, ina zaune ina riƙe da kanta, na ji Hajiya Dije ta karkata ga ta kusa da ita ta ce, ba ma a hankali sosai ba, "Ita ai ta iya. Mun gani da idonmu."

Asiya ta ji. Na san ta ji, domin jikinta ya sandare a hannuna. Ta tashi zaune, ta jawo mayafi, ta share fuska. Daga wannan lokaci har ta fita takaba babu wanda ya sake ganin ɗigon hawaye a idonta. Su kuma matan da suka ce kukanta na fim ne, su ne dai suka juya suka ce a dubi zuciyar Nasara, miji ya mutu ko a jikinta. Matan nan sun sha shayinta, ta yi wa 'ya'yansu ɗinki, ta raka su asibiti don ita ke iya magana da likitocin Turawa. Ba jahilci ba ne, jahilci na ranar majigi ne kuma na yafe shi. Wannan ƙeta ce, da jin daɗin samun abin faɗa a gidan mutuwa.

Ni kaɗai na san inda kukan ya koma. Da hantsi in ta hau soro shanya, takan daɗe fiye da yadda wanki ke bukata. Rannan na bi ta, na same ta durƙushe a bayan zannuwa, ta cusa rigar aikin Bashir a baki don kada a ji. Na koma ƙasa na tsaya a bakin matakala ina hana kowa hawa. Haka muka yi ta yi tsawon shekaru, ba mu kuma taɓa zancen ba.

Danginta sun aiko ta koma gida, ta ƙi. Ta yi ta fama da sabunta takardun zama, ta rayu da keken ɗinki, ta aurar da 'yarta, ta yi sallarta da azuminta ba tare da ta yi wa kowa shela ba. Musuluncinta na natsuwa ne, ba ta shige shi da gudu daga wani abin kunya ba. Wata Baturiya ta taɓa zuwa bayan rasuwarta tana tattara tarihin tsofaffin 'yan fim, ta zauna a ɗakina tana girgiza kai tana cewa abin tausayi ne yadda Asiya ta ɓace. Na ce mata ba ta ɓace ba, kullum tana kasuwar kifi tana ciniki kamar za ta yi dambe. Su can sun mayar da ita wadda ta salwanta, namu sun mayar da ita tubabbiya, kowa ya yanki abin da zai yi masa amfani ya watsar da matar.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga wannan zamani. Kukanta na gaskiya an ce na fim ne, yau kuma na fim ɗin an ce na gaskiya ne, kuma a cikin masu turawa suna rubuta Allahu Akbar a ƙasa har da jikokin Hajiya Dije, na ga sunayensu. Kakarsu aƙalla ba ta taɓa ganin majigi ba sai ran nan. Su fa, da suke kwana suna tashi da fim a tafin hannu, mene ne uzurinsu? Wanda ya haɗa bidiyon ya san ƙarya yake yi, ya ga dai ƙaryar za ta jawo masa 'yan kallo, ya kuma rataya ta a wuyan addini don kada a yi masa musu. Ina jin da tana nan, fushinta ba zai tsaya kan ƙaryar kaɗai ba. Za ta ce sun yanke farkon fitowar, inda ta fi shan wahala. Na gode Allah da a nan ba a rubuta suna a kan kabari, da yanzu an je can ma da waya.

Abin da ya rage nata ba shi da yawa: keken ɗinkin da ke ɗakina, tsawon da Hanan ta gado, da fina-finan da ta yi da guminta ba ta kuma taɓa neman afuwar kowa a kansu ba. Kukan soro kuwa babu wanda ya ɗauke shi a hoto, zai bi ni kabari.

Duk wannan na zayyana wa Hanan a ranar. Ta kashe muryar bidiyon, ta rufe rubutun da babban yatsa, ta sake kallo tun daga farko. Ta ga leɓen ya soma rawa, ta ga hawayen sun zo daidai lokacin da iska ta ɗaga gashin. Ta ɗago ta dube ni, fuskarta ta washe.

"Ya Sitti," ta ce, "wallahi ta iya."

Kalmomin da suka busar wa Asiya ido ke nan. Sai da ta shekara ashirin da biyar a ƙasa aka faɗe su yadda ta so ta ji su, ni kuwa na yi kukan a gaban yarinyar, ban hau soro ba.