Katin da Na Ara da Sunan Mahaifiyata

A lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ina zaune a Clichy-sous-Bois, ina aiki a wani babban kantin turare a Paris. Ni mace ce mai son sanin ƙwaƙwaf, ga idon ciniki. Kowace ma'aikaciya akan ba ta katin rangwame don amfanin kanta da iyalinta. Ni kuwa na ga banza ta faɗi: in saya da arha, ƙarshen wata in hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, inda yayata ke tara mini matan Rillieux-la-Pape su kwashe. In zuciyata ta motsa sai in ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Akwai wata dattijuwa 'yar Hindu da muke aiki tare, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Lamarinta ya daɗe yana ɗaure mini kai. Katinta sau ɗaya take taɓa shi a shekara, ta saya wa 'yarta kwalba guda. Wata safiya na tarar ta goge almakashinta da na'urar farashi, ta jera su tare da katin, ta aza musu fure. Na tsokane ta ko almakashi ne zai yi aure. Ta yi dariya, ta ce a addininsu akwai ranar girmama kayan da mutum ke cin abinci da su, domin aiki ma ibada ne. Na tambaye ta me ya hana ta juya katin ya haihu. Ta ce neman dukiya ba laifi ba ne a wurinsu, amma abin da aka ba ka don jikinka ba haja ba ne, kuma ɗaukar abin da ya wuce buƙata ɗan'uwan sata ne. Na ce a raina, wannan wa'azin ai na ƙoshi ne.

Da nawa katin ya kai iyaka, sai na ari nata, na ce tsaraba zan aika wa mahaifiyata a Damagaram. Ta miƙo mini ba tambaya. Na yi ta saye da shi har aka lura, aka kira ta biro, wato ofishin shugabanni, aka dakatar da ita. Ta shaida musu da hannunta ta ba da katin, amma ba za ta faɗi suna ba, ba kuma za ta yi ƙarya ba. Kwana tara na yi ina kallon teburinta wayam. Wallahi ban taɓa raina kaina irin na kwanakin nan ba. A na goma na je na faɗi gaskiya. Aka sallame ni, aka mayar da ita.

Ranar da na je kwashe kayana ta ba ni kwalbar turare a naɗe, wadda ta saya ba da rangwame ba. Ta ce ta mahaifiyata ce, tunda an ambaci sunan tsohuwa bai kamata ta tashi a tutar babu ba.

Har yau ina mamakin yadda amanar da aka koya mini tun ina makarantar allo, sai a hannun mai wani addini na gane ta. 'Yan'uwa masu aiki, ku dubi don me aka ba ku abu kafin ku sa masa farashi, kada kuma ku jawo wani cikin kwaɗayinku. Na aika turaren. Mahaifiyata na shafawa tana sa mini albarka, ni kuwa na kasa gaya mata ba ni ce na cancanci albarkar ba.