Mushen bijimin hanyar Achida

Jama'a, yau saura ƙiris ku ci gumbar sadakata.

Ina tahiya kasuwar Achida nit tarad da mushen bijimi bakin fadama, ya kumbure. Nic ce Allah ya kawo hwata kyauta, dukawa na saye. Na zaro wuƙa ke nan sai nij ji sanda bisa hannu. Wani tsohon makiyayi na.

"Mi kaka yi, ɗan nema?"

"Bappa, ba ci za ni yi ba, hwata kawai."

"Duba hancinai. Baƙin jini na. Ciwon saifa yak kashe shi."

Muna haka sai ga Bature likitan shanu bisa doki, da tafinta. Yat toshe hanci yac ce "kakas". Nic ce na sani, mushe ke nan, na yi elemantare har aji biyu. Tafinta yac ce, "To malam mai Turanci, wanda yah heɗe irinai a Rabah jiya anka rufe shi a kushewa."

Nim maida wuƙata kube. An miƙo min magirbi in bizne mushen.

Wallahi ina gina ramin ina hamdala, tunda na bijimi na, ba nawa ba.