Ranar da Na Shayar da Akori-kurar Baba

Ranar kasuwar garinmu ce, cikin kakar shekarar da na shiga aji huɗu, mutane na gona suna roron gyaɗa, rana ta take tsaka. Ina zaune a ƙofar gida ina fere karan dawa zan haɗa motar wasa, sai ga akori-kurar Babanmu ta ɓullo ta burtalin da ya ratsa gonakin gero, tana tafe tana huci, tururi na fita ta ƙasan bonet. Kawu Iliya, ƙanin Innarmu, shi ke tuƙa ta. Ya tsayar da ita a gindin darbejiya, ya ɗaga bonet, ya naɗe hannunsa da tsumma ya sassauta murfin lagireto, wato tankin ruwan da ke gaban inji, ya jira tururin ya gama fita sannan ya cire. Ya dube ni ya ce, "Ɗanlami, tsare min ita, kar yaran nan su hau. Bari in yi azahar in dawo." Ya ɗauki buta ya nufi masallaci.

Wannan mota ita ce dukiyar gidanmu. Baba ya sayar da bijimai biyu na huɗa kafin ya saye ta, ita ma ta hannu, kuma bai iya tuƙi ba har ya koma ga Allah. Injinta irin wanda ya cika ƙasar nan ne a lokacin. Shi ne a tasi, shi ne a motar asibiti, shi ne a motar manyan ma'aikata. Jikin motocin ya bambanta, cikin ɗaya ne. Silinda huɗu gare shi, a ɗan kishingiɗe yake ta gefe guda, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa kuwa, wanda mu kanikawa ke kira tof-silinda, farin ƙarfe ne marar nauyi. An yi shekara da shekaru ana ƙera shi ana ɗan ƙara masa girma, amma wanda ya iya na farko ya iya na ƙarshe. Yana haƙuri da lodi, da ramukan hanyar ƙauye, da fetur ɗin da ba a san asalinsa ba. Zafi ne kawai ba ya jura. Mu kuwa ruwan rijiya muke ɗura masa, laka ta yi ta taruwa a lagireto, ko fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka, ya saki, shi ke nan sai tafasa. Duk wannan daga baya na san shi. A ranar nan abin da na sani kawai shi ne motar Baba ta shigo daga rana a galabaice.

A gidanmu kuwa akwai tarbiyya. Duk wanda ya shigo daga rana, ko Baba daga gona ko baƙo daga hanya, ba ka jira ya tambaya, gudu kake yi ka ɗebo masa ruwan randa. Ko jakinmu ya dawo daga kai taki, sai na shayar da shi kafin in ci tuwo. Inna kan ce, "Ba a bai wa mai ƙishi ruwan da ya sha rana." Randarta tana ƙarƙashin rumfa, an binne gindinta cikin yashi mai laima, ruwanta har haƙori yake riƙewa. Na shiga na cika bokiti, na jawo turmi na kifa a gaban motar, na hau. Na tuttula rabi a bakin lagireton, sauran na kwara a kan injin yadda ake kwara wa mai zazzaɓi. Ina ta murna Kawu zai dawo ya tarar na yi masa aiki. Tururi ya turnuƙe ni, sai na ji wata ƙara ƙas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Na mayar da turmi da bokiti inda suke, na koma kan karana kamar ban tashi ba.

Da Kawu ya dawo ya jira ta huce, ya cika ruwa ya tayar. Ta tashi da ƙyar tana rawa, farin hayaƙi na bulbulowa ta baya. Ya zaro sandar awon baƙin mai, sai ga man ya koma kalar shayi da madara.

Washegari Baba ya ɗauko wani tsohon bakanike daga Dawakin Tofa. A ƙofar gida ya kwance kan injin, maƙwabta sun kewaye, ni aka ba faranti in riƙe notuna. Ya goge ƙarfen ya nuna wa Baba tsaga siririya kamar gashi, ya ce, "Malam, zafi kaɗai ba ya yin wannan. An kwara mata ruwan sanyi tana tafasa."

Baba ya juya ya ce, "Iliya, shekara nawa kana tuƙi?"

Kawu ya ce, "Yaya, wallahi ban zuba mata komai ba sai da ta huce."

Baba ya ce, "To wa ya zuba? Jakina?"

Mutane suka yi dariya. Ni ina tsaye riƙe da farantin notuna. Baba mutum ne mai hannu, ya taɓa zane ni a kan awaki sun shiga wake sai da na kwana biyu ban zauna ba, ga shi wannan ɓarnar ta bijimai biyu ce. Na bar laifin a kan Kawu. Kawu ya zaro mukulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarmar Baba, ya ce a yi haƙuri, ya ɗauki hularsa ya tafi.

Wannan mutumin shi ke ɗora ni a cinya in riƙe sitiyari idan mun shiga burtali. Shi ke cewa, "Ka girma ka karɓe ni, ni in zauna a gefe ina cin goro." A makaranta yara na ba ni gyaɗa don in bari su taɓa motar kawuna. Labari ya kai tasha cewa Iliya ya fasa injin mijin yayarsa, babu wanda ya sake ba shi mota. Ya koma dako a kasuwar hatsi, yana ɗaukar buhu a ka. Ko da salla bai ƙara taka gidanmu ba, Inna ke zuwa gaishe shi ta dawo idonta jajir. Motar ta shekara a gindin darbejiya kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, daga baya Baba ya sayar da ita a wulaƙance. Kullum sai na ce gobe zan faɗa. Da na ƙara wayo sai na ce ai ya wuce, tono shi ba amfani.

Firamare kawai na gama, aka kai ni gareji a Ungogo, can nake har yau. Irin injin nan na kwance shi ba adadi, idona a rufe ina iya haɗa shi. Duk direban da ya kawo min fasasshen kan inji ya rantse ba shi ya zuba ruwa ba, ba na yi masa dariya.

Kawu bai sake shigowa gidanmu ba sai da Baba ya rasu. Ranar sadakar bakwai na raka shi bakin hanya, ya tsufa, wuyansa ya karkace saboda buhu. Na tsuguna na faɗa masa komai, ina mutum mai 'ya'ya biyar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ai na sani, Ɗanlami. Wa na bar wa motar? Na ga in na faɗa, sai Babanka ya karya ka. Na ɗauka za ka girma ka gaya masa da bakinka." Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yafe mana, ya hau mota.

Yanzu injin nan ya kusa ƙarewa a hanya, sai jefi-jefi ake kawo min wata tsohuwar akori-kura daga wajen Bagwai da lodin albasa. Motocin yau fitila ke kunnuwa ta nuna zafi, a saka na'ura ta faɗi ciwon, babu mai buƙatar rantsuwar kowa. Gonakin da ke bayan garejinmu duk sun zama gidaje. Na kan yi kewar lokacin da inji ɗaya ya ishi gari, da sifana uku da tsumma ka gyara shi a gindin bishiya. Kawu yana nan da rai, duk wata ina kai masa abin da ya sawwaƙa, yana karɓa yana sa albarka. Amma Baba ya tafi kabari yana ganin Iliya maƙaryaci ne, kuma ni na bar shi ya tafi a haka.