Sifirin Ari Ɗanƙarami

Ari Yakuba Ɗanƙarami na san shi a watan Janairu na 2019, a ajin yaƙi da jahilci na garin Guna, yana da shekara hamsin da biyar, ni ina da sittin. Na riga shi iya haruffa da wata uku cur. Shi kuma ya riga ni iya lamba, shi ya sa mutanen meteyo, masu hasashen yanayi, suka kafa ma'aunin ruwan sama a bayan rumbunsa, ba a bayan nawa ba.

Aikinsa shi ne ya duba kwalbar kowace safiya, ya aika da adadin ta salula zuwa biro, wato ofishinsu, a Damagaram. Can ake zuba shi cikin na'ura tare da na sauran ƙauyuka da abin da tauraron ɗan Adam ya hango, a fitar da hasashen kwana biyu, rediyo ya karanta.

Ranar da aka yi ruwa, Ari kan aika kafin ya karya kumallo. Ranar da ba a yi ba, sai ya yi shiru.

A watan Yuni na 2022 rediyo ya ce ƙasarmu ta jiƙa, kuma babban ruwa na tafe. Mun san ba ta jiƙa ba, amma muka yarda da rabi na biyu na maganar, muka yi binne, muka shuka kafin ruwa. Yayyafi kawai aka yi. Hatsi ya tsiro, rana ta ƙone shi.

Bayan mako guda Madam Zahra'u, ma'aikaciyar biron, ta iso a kan babur. An umarce ta ta kwance ma'aunin ta kai garin Dogo, gidan Umar, taubashin Ari, wanda da ma ba ya raga masa. Ina zaune a wurin.

Ta ce wa Ari, "Baba, kwana goma sha tara ba mu ji ka ba."

Ya ce, "Ƴata, ban saba kiran manya in ce musu babu ba. Kuma ƙarar wa zan kai? Mai ruwan?"

"Na'ura ba manya ba ce, Baba. In ka yi shiru, ɗauka take ka tafi kasuwa, sai ta gaskata tauraro. Shi kuwa hadari yake gani, bai taɓa dafa ƙasa ba. In ta kuskure yau, ta kuskure gobe."

"Da na ce babu, da ta san gobe?"

"Da kuskurenta ya ragu. Sanin gobe sai Allah."

"Wannan na san shi ba sai da na'ura ba."

Ta bar masa ma'aunin zuwa kaka, da sharaɗin ya riƙa aika sifiri duk ranar da ba a yi ruwa ba. Ya cika sharaɗin, sai dai kowane sifiri yana zuwa ne bayan gaisuwa da tambayar iyali, na'urar kuwa ba ta karɓar magana. Wata biyu Madam tana goge gaisuwa da hannu, sannan suka daidaita: ya gaida salular da baki, ya aika da lambar ita kaɗai.

Ba zan rubuta cewa rediyo ya daina kuskure ba, domin ba na rubuta abin da ban gani ba. Ya dai rage. Ma'aunin yana nan bayan rumbun Ari, Umar kuma bai samu abin tsokanarsa ba.

Ganina da shi na ƙarshe, yana tsaye yana tambayar salula gajiya, ranar Laraba ce, 14 ga Mayu, 2025.