Igiyar Baya

Duk shekarun da na yi ina shugabancin 'yan lodin shanu a karar Potiskum, wato kasuwar shanu, hannuna bai taɓa igiya ba. Masu wucewa sukan hango ni a tsaye bisa tudun da tirela ke jingina bayanta, ina ta zabga ihu, su ce ga malalacin cikinsu can. Su yi ta faɗa. Wanda na gada ba malalaci ba ne, komai sai ya sa hannu, kuma a kan idona saniya ta matse shi da jikin mota har haƙarƙarinsa ya karye kamar karan dawa. Yana duƙe ne kan wani ƙulli, ba mai duba masa baya.

Shi ya sa da aiki ya dawo hannuna na raba shi. Sa mai faɗa igiya biyu ake ɗaura masa. Ta gaba a ƙaho take, mai ita ke jan sa zuwa mota. Ta baya a ƙafa take, mai ita ba ya ja, bin sa yake da ita a sake, sai in ya yi kan mutum ya fizge ƙafar ya kayar da shi. Ni nawa ido ne da murya. Daga sama ina ganin abin da na ƙasa ba sa gani, kuma kowa ya san dokata: wanda na ba igiya tasa ce, ba na karɓa, ba na sauka.

Ƙanena ne ke riƙe ta gaba, uwa ɗaya uba ɗaya, mai zafin kai irin nawa. Ta baya na ba wani Bakarkare daga Nangere, gajere kakkaura, tsohon ɗan kokawa. Su biyun ba sa ga maciji da juna. Wata ranar kasuwa tun da hantsi suka dambace kan maganar banza, ƙanena ya fasa masa leɓe da sanda. Da ƙyar aka raba su.

Ƙanena ya zo yana huci ya ce, "Yaya, ka canza min mutum. Wannan ba zai riƙe min baya ba yau."

Na ce, "Duk karar nan ba wanda ya kai shi. Je ka kama igiyarka."

Bakarkaren kuwa jini kawai ya tofar, ya ɗauki tasa.

Bayan azahar aka kawo mana wani jan bajimin Bororo, ƙahonninsa sun fi hannuna tsawo. Ya zo har gindin tudun lafiya lau, sai direban wata mota da ke gefe ya danna hon. Bajimin nan ya sunkuyar da kai ya yi kan ƙanena. Ƙanena ya ja da baya, santsin kashin shanu ya kwashe shi. Kafin ya yunƙura ƙaho ya shiga cinyarsa, sa ya ɗaga shi sama, ya girgiza, ya maka shi da ƙasa. Jini ya yi tsartuwa har jikin tirela.

Bakarkaren ya ja igiyarsa iya ƙarfinsa, sa ko gezau. Mutane suka fara ihu wai da gangan ya ƙi ja. Ni kaɗai na ga abin da ya faru: igiyar ta naɗe wani tsohon turke da ciyawa ta rufe, turken yake ja, ba ƙafar sa ba.

Ƙanena yana jan jiki da gwiwar hannu, yana kallona. "Yaya! Yaya, sauko!"

Wallahi ƙafata ɗaya ta riga ta bar tudun. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Amma in na sauka ƙura za ta rufe ni kamar kowa, kuma ba wanda zai gaya wa mai igiya inda ta maƙale. Na mai da ƙafata.

Na kwarma wa Bakarkaren ihu, "Turke ne! Sake ta! Zagaya ta hagunka!" Na nuna wasu biyu cikin mutanena. "Ku tsaya nan, sa na faɗuwa ku janye ƙanena!"

Sa ya sake kai wa ƙanena, ya taka masa gwiwa, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Bakarkaren ya zagaya a guje, ya warware igiyar, ya naɗa ta a damtsensa ya kwanta baya. Bajimin ya ja shi a ƙasa, igiya ta saɓule masa fatar hannu, bai saki ba. Ya samu wurin tokare ƙafa ya fizga, sa ya kife da ƙirji. Mutanen nan biyu suka janye ƙanena. Sai a lokacin na sauko.

Ƙanena ya rayu, amma ƙafar ba ta ƙara miƙewa ba. A asibiti Inna ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "An ce yana kiranka kana tsaye." Na yi mata bayanin turke dalla-dalla. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na ji. Amma kai yake kira."

Da za a maimaita ranar, a saman nan zan sake tsayawa, kuma ba na jin daɗin faɗin haka. Yanzu ƙanena igiya yake sayarwa a bakin kara. Shi da Bakarkaren kwano ɗaya suke ci, har tsokanar juna suke kan leɓen da ya fashe. In na biyo ta rumfarsa yakan gaishe ni da ladabi, ya tambayi mutanen gida. Tun daga ranar bai sake ce min Yaya ba. Oga yake ce min, kamar sauran.