Yadda Na Ɗaure Sandar da Aka Yi Don Ta Juya

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in ba ɗaya. Ɗan gidan maƙera ne ni, na yi karatun allo har na sauke, na kuma daɗe ina walda a gida kafin Allah Ya kawo ni Doha. Da gadi na fara, daga baya kamfani ya ga ina da hannu a ƙarfe ya mai da ni mai gyare-gyare a wani bene a Al Rayyan. A unguwar Fereej Abdel Aziz nake kwana, mu shida a ɗaki, ni ne kuma mai jan salla. Abu biyu nake tinƙaho da su a zuciyata: na san ƙarfe, kuma ina kiyaye idona.

A hawa na biyu na benen akwai gidan motsa jiki na mata zalla. Namiji ba ya shiga sai tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da babu kowa. A wani ɗaki akwai sandunan ƙarfe shida masu sheƙi, daga ƙasa har rufi, waɗanda mata ke kamawa su hau su yi juyi don ƙarfafa jiki. Da abokan ɗakina suka ji labari sai na shiga uku. Wani direba Bakano, da na shigo sai ya ce a ba limamin gidan rawa hanya, wai yau raka'a nawa aka yi a kan sanda. Nakan yi dariya, amma abin yana sukana. Saboda haka na ƙudurta ba ruwana da sanin abin da ake yi da sandunan nan.

A makona na farko malamar da ke horar da matan, wata 'yar Filifin mai fara'a, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce in zo ta nuna mini yadda sandunan suke, tunda ni zan riƙa kula da su. Na sunkuyar da kai na ce mata khalas, wato shi ke nan, a cikin ƙarfe aka haife ni, babu abin da za a koya mini. Ta yi dariya ta ce to injiniya, Allah Ya ba da sa'a. Na wuce ina jin na tsare mutuncina.

Bayan wata biyu aka kira ni gyaran na'urar sanyaya ɗakin. Ina saukowa daga tsani na dafa sanda ɗaya, sai ta juya a hannuna, saura kaɗan in faɗi. Na gwada sauran, na tarar uku suna tsaye ƙyam, uku suna juyawa, kuma kowace mai juyawa an naɗa mata jan tef a gindi. A wurinmu masu walda, duk abin da aka sa wa ja, mai jiran gyara ne. Na duba na ga ƙananan noti biyu a gindin kowace, na ɗauko makullina na ɗaure su tam. Na rubuta a littafin aikina, wanda da ajami nake rubuta shi, cewa na gyara sanduna uku da suka kwance. Ban faɗa wa kowa ba, don a ganina alheri na yi a ɓoye.

Ashe da gangan aka kwance su. Sanda mai tsayuwa, mutum shi ke tura jikinsa ya zagaya ta, tafin hannunsa yana zamewa a kanta, kuma da ita ake fara koyo. Mai juyawa kuwa riƙe ta ake gam, ita ce ke ɗaukar mutum ta zagaya da shi. Jan tef ɗin alama ce ta masu juyawa. Da yamma malamar ta zo nuna wa ɗalibanta, ta ga alama ta amince, ta taka ta damƙi sanda ta saki nauyinta duka. Jikinta ya tafi, sanda ta ƙi tafiya. Kafaɗarta ta dama ta goce, ta faɗi ƙasa. Ina ƙofar bene na ga an fito da ita zuwa motar asibiti, ban ma san aikin hannuna ne ba sai washegari.

Shugabar wurin, wata Balarabiya, ta tara ma'aikata ta ce sai an gano wanda ya taɓa notin. Makullin ɗaure notin sandunan a kabad ɗin mai shara yake rataye, wata baiwar Allah 'yar Kenya, ita ce kuma ke goge su kullum. Nan take zargi ya faɗa kanta. Ta rantse ta yi kuka, aka ce za a mai da ta wurin kafil, wanda ya ɗauko ta aiki, ya sallame ta gida. Shugabar ta karɓi littafina ta buɗe. Ta ga haruffan da ta sani amma ba ta gane kalma ko ɗaya ba, ta miƙo mini ta ce yalla, je ka. Laifina yana rubuce a gaban idonta, na karɓa na sa a aljihu.

Kwana biyu na yi shiru. Na riƙa gaya wa kaina cewa niyyata mai kyau ce, kuma ina da iyali. Ranar ta uku da hantsi na tarar da mai sharar zaune a matattakala da jakarta. Ta ɗago ta kira ni ɗan'uwa, ta ce ta ga ni mai ibada ne, in yi mata addu'a Allah Ya bayyana gaskiya, 'ya'yanta biyu suna makaranta. Yaya zan roƙi Allah Ya bayyana abin da ke cikin aljihuna? Na haura ofis, na buɗe shafin, na karanta wa shugabar layin da Hausa, na fassara mata kalma bayan kalma.

Ta yi faɗa ƙwarai, kuma ta yi daidai. Aka rubuta mini takardar gargaɗi, mai shara ta koma bakin aikinta a ranar. Na ba ta haƙuri a gaban kowa. Ta ce ta yafe, amma ta ƙara da cewa kwana biyun nan sun fi mata shekara tsawo. Wannan maganar har yau tana nan a raina.

Da malamar ta dawo, hannu rataye a wuya, ta ce ba ta son a kore ni, sharaɗinta ɗaya ne. Ta zauna a kujera, shugabar tana tsaye, ta ce injiniya ya kwance noti ya kama sanda ya ɗaga ƙafafunsa. Na yi. Sanda ta ɗebe ni da kakina da takalmin aiki ta zagaya da ni sau uku, na sauka ina ganin ɗaki yana gudu. Ta yi dariya har ta riƙe kafaɗa. Sannan ta sa na ɗaure na sake gwadawa, na tsaya cak kamar buhu. A cikin minti goma na fahimci abin da na ƙi saurara. Yau ni ke duba sandunan kowace rana, kuma ba na fita sai na tabbatar alama ta dace da noti.

Abin da na koya shi ne, an umarce mu da runtse ido, ba a ce mu toshe kunne daga sanin aikin da aka ba mu amana ba. Girman kai ne na sa wa rawani na kira shi tsoron Allah. 'Yan'uwana da ke aiki a ƙasar mutane, in aiki bai kwanta maka ba ka bar shi da mutunci, in kuwa ka karɓa to ka koye shi daga bakin mai shi, mace ce ko namiji, kuma kada ka gyara abin da ba ka tambaya ba. Ni na tsira da takardar gargaɗi. Ita kuwa malamar, har yanzu in za ta ɗauko abu daga saman kanta, da hagu take miƙawa.