Gadin Ciyawa

A Riyad sanyi ba ya sallama. Yau kana ƙudundune cikin riga biyu, gobe ka wayi gari gumi na bin ƙeyarka. A tsakanin nan ne, in an dace da yayyafi, daji ke fitar da wata ciyawa mai ɗan fure shuɗi-shuɗi, mutanen gari kuma su rikice.

Direba nake a wani gida a unguwar Nasiriyya. Shekarar nan iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa mutuwa, kafilina kuwa, maigidan da ya tsaya mini, kullum sai ya ce gobe. Ran nan ya sa na kai shi bayan gari, muka yi ta tafiya har ya hango wani kwari kore shar. Ya sauka, ya tsuguna, ya shinshina.

"Zauna nan har Juma'a," in ji shi. "Zan kawo mahaifiyata ta gani. In ta ji daɗi, a yi maganar takardarka."

Ya sauke mini tanti da jarkar ruwa da gurasa, ya ja motar da kansa. Ni da na yi furfura a kan fartanya ina kashe ciyawa, yau ni ne mai gadinta.

Da farko lafiya lau. Furen na buɗewa da hantsi, ƙudan zuma su zo, in yi ta kallonsu don ba ni da abin yi. Ran Laraba ina cikin sallar azahar raƙuma suka iso. Kafin in sallame sun yi wa kwarin aski. Mai kiwonsu, wani dattijo ɗan Maraɗi, ya ƙaraso yana sakace.

Na ce, "Baba, ka kashe ni. Ciyawar mutane ce."

"Wa ya shuka ta?"

"Allah."

"To raƙuman ma nasa ne. Ku mutanen Najeriya, har haki kun fara yi wa maigadi?"

Sai da ya ƙoshi da dariya sannan ya ɗauko shebur. Muka wuni muna haƙo ciyawa da ƙasarta daga wani kwarin, muna dasawa kamar albasa. Ruwan shana na ba ta.

Ran Juma'a suka zo, gida guda. Dashen namu duk ya yi yaushi, ya sunkuyar da kai. Kafin tsohuwar ta sauko daga mota, jikokinta sun shimfiɗe dardumai a kansa kaf, an jera gahawa da dabino. Ta zauna, ta dubi yashin da ke gabanta, ta ce rabonta da ganin daji ya yi kyau haka tun tana budurwa.

A satin aka sabunta iƙamar. Kafilin ya ce tunda na iya, baɗi ma ni zan je.